Ra'ayi: Awo ya ce lafiyarta lau, ita kuma tana kwance

A gidan da na tashi a Maraɗi akwai wata alama da kowane yaro ya sani. In ka dawo daga makaranta ka tarar an rataya zane a tagar ɗakin Yaya, an turo ƙofa da rana tsaka, to ranar ba mai kunna rediyo, ba mai daka a tsakar gida. Turmin ma maƙwabta ake kai shi. Yaya tana ciki kwance a kan tabarma, ta ɗaure kai da kallabi tamau, ga ɗan kwano a gefenta saboda amai. Haka za ta yini, wani lokaci ta kwana ta sake yini. Rana ta uku sai ta fito da kumburarrun idanu, ta ɗauki tsintsiya kamar ba a yi komai ba.

Mu a gida tausayinta muke ji. Da ta yi aure sai labari ya sha bamban. Uwar mijinta, mace mai kirki a sauran al'amura, ta taɓa ce wa mahaifiyarmu: "Hajiya, ni fa tara na haifa, ban san ana kwanciya don ciwon kai ba. Yaran yanzu raki ya yi musu yawa." Mijin kuwa bai yi sakaci ba, gwargwadon abin da ya sani. Ya kai ta likita ba adadi. A soka mata yatsa a yi awon masassara, ko awon ya nuna ko bai nuna ba a rubuta mata maganin masassara. In ta koma a ce taifot ce. In amai ya galabaitar da ita a sa mata ƙarin ruwa. An yi mata ƙaho a ƙeya, an sha rubutu, an yi ruƙiyya.

Sai da ta shekara fiye da goma a haka kafin wani likita a Yamai, wanda aka kai ta wurinsa don wata lalura dabam, ya zaunar da ita ya shiga yi mata tambayoyi. Wane ɓari ne ke ciwo? Bugawa yake ko matsewa? Haske yana damun ki? Ƙara fa? Kwana nawa yake yi? Yana zuwa kusa da al'ada? Mahaifiyarki tana yi? Ya auna jininta, ya haska idanunta, ya duba ƙarfin hannuwa da ƙafafu. Daga nan ya ce ciwon ɓarin kai ne, wanda likitoci ke kira migiren. Bai ɗebi jini ba, bai tura ta sikana ba.

Wannan shi ne dalilin rubutuna. Mun saba, duk abin da ya gagare mu a fannin kiwon lafiya sai mu jingina shi ga talauci: babu na'ura, babu kuɗi, babu ƙwararru. A kan cututtuka da yawa hakan gaskiya ne. Amma akwai cututtuka biyu da suka fi addabar mata waɗanda wannan uzurin bai rufe mu a kansu ba, wato ciwon ɓarin kai da kuma ciwon jiki gaba ɗaya da ake kira fibromiyalji. Ko a Faransa ko Amurka ba na'ura ce ke gano su ba. Da tambaya ake gano su, da sauraron amsa, da kuma yarda cewa matar da ke magana gaskiya take faɗi. Majon da ke CSI na ƙauye yana da waɗannan kayan aikin daidai da farfesan da ke babban asibiti.

Mu fara da ciwon ɓarin kai, don shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi, sama da mutum miliyar 1 ke nan. Babban binciken nauyin cututtuka a duniya na shekarar 2019 ya sa shi na biyu cikin abubuwan da ke sa ɗan Adam ya shafe shekaru cikin kasawa, kuma na ɗaya a tsakanin mata masu shekara 15 zuwa 49. A sake duba shekarun nan. Su ne shekarun karatu, da aure, da goyo, da neman na kai.

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, kuma sau da yawa gado ne. Mai shi yana da ƙwaƙwalwa mai saurin harzuƙa. In abu ya taɓa ta, sai babbar jijiyar da ke ɗaukar ji daga fuska da lulluɓin ƙwaƙwalwa ta saki wasu sinadarai da ke hura ciwo. Yakan kama ɓari ɗaya, ko da yake yana iya kama duka biyun, yana bugawa kamar ana kiɗa a ciki, yana ƙaruwa in an sunkuya ko an hau tudu, ya zo da tashin zuciya ko amai, haske da ƙara su zama azaba. In ba a yi magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kwana ukun Yaya ke nan cif, kamar da ita aka rubuta littafin.

Wasu kuma, wajen kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, sukan ga alamu kafin ciwon ya sauka. Wani haske mai zigizagi ya riƙa rawa a gefen ido, ko rabin abin da suke kallo ya ɓace, ko hannu da leɓe su mutu, ko harshe ya yi nauyi. Abin yakan ɗauki minti 5 zuwa awa guda, sannan ya wuce. To ɗauki wannan bayanin ka kai shi tsakar gida. Mace ta ce tana ganin walƙiya ba hadari, rabin fuskar mijinta ya ɓace mata, bakinta ya kasa magana, ƙamshin turare yana tayar mata da ciwo. Me za a ce? Kowa ya san amsar: iska ce, ko jifa, kuma ba a rasa wadda za a zarga, galibi kishiya. Ba ni da ja da addu'a, kuma ban ga mara lafiyar da ba ya buƙatar ta ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗora wa baiwar Allah laifin sammu a kan abin da likitoci suka san yadda yake aukuwa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da gani.

Kafin balaga yara maza da mata kusan kunnen doki suke a wannan ciwo. Bayan balaga sai ya koma mata uku, namiji ɗaya. Babban dalili shi ne sinadarin jikin mace da ake kira estirojen, wanda ke hawa da sauka a kowane wata. Faɗuwarsa gab da zuwan al'ada takan tayar da ciwon, shi ya sa mata da yawa kan kwanta daga kwana biyu kafin jini zuwa kwanakin farko na jinin. In mace ta samu ciki sinadarin ya daidaita, da yawansu sukan samu sauƙi, musamman bayan wata ukun farko, sai ciwon ya dawo bayan haihuwa. Har wannan sauƙin ma mun san yadda muke juya shi ya zama hujja a kanta: "Ai da ta samu ciki garau take, dama neman hankalin miji ne."

Ga kuma rayuwar tamu, wadda kamar an tsara ta ne don tayar da shi. Zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Tawa da Damagaram, ƙishirwa, tsallake abinci ga wadda sai kowa ya ci take ci, barcin mai goyo da ake yankewa sau uku a dare, hayaƙin itace a madafa, turaren wuta da humra a rufaffen ɗaki, shayi mai ƙarfi ga wadda ta saba da shi ranar da ba ta samu ba. Ba kowace ce duk waɗannan ke taɓawa ba. Kowace da nata, kuma sai ta lura take gane shi.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne abin da ke faruwa bayan mace ta gaji da zuwa likita. A ƙasar nan ciwon kai da masassarar cizon sauro sun zama kamar Hasan da Husaini a tunanin mutane, har da wasu ma'aikatan jinya. Tun 2010 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a riƙa awo kafin a ba da maganin masassara, amma awon da ya ce babu ba kullum ake jin maganarsa ba. Ko ya ce akwai ma, a damina mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cutar a jini alhali ciwon kansa na wata-wata daga wani wuri yake. Awon taifot da aka fi yi a ƙananan wurare kuwa sananne ne da nuna cutar inda babu ita. Mace ta sha magani kwana uku, ciwon ya tafi don dama kwana uku yake yi, kowa ya ce maganin ya yi aiki. Wata mai zuwa a sake.

Daga ƙarshe sai ta daina zuwa, ta koma ga mai tallar magani da ke ratsa unguwa da tirensa, wanda ke sayarwa ƙwaya-ƙwaya kuma ba ya ce wa kowa raki. A nan wani tarko yake, wanda mutane kaɗan suka san da shi. Maganin ciwon kai da kansa yana haifar da ciwon kai. Wadda ke shan parasetamol ko asfirin ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon sama da wata uku, tana iya wayar gari da ciwon kai na kusan kullum wanda ƙwayar ce ke riƙe da shi. In maganin haɗe-haɗe ne mai kafeyin, ko mai ƙarfi irin tiramol, kwana 10 a wata sun isa. Ciwon da a da yake zuwa sau biyu a wata sai ya tare a gidan. Ta ƙara ƙwaya, ya ƙara zama. Muna yawan maganar tiramol a kan ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi, amma ba mu cika tambayar matan aure nawa ne suka faɗa masa ta ƙofar ciwon da ba a sa wa suna ba. Mafita ita ce a janye ƙwayar ƙarƙashin kulawar likita, kuma kwanakin farko suna da wuya, don haka dole a faɗa wa mace gaskiya tun farko don kada ta ɗauka cutar da ita ake yi.

Akwai wani wuri guda da rashin tambaya ke iya zama haɗari ga rai. Tun 2006 tsarin iyali yana cikin abubuwan da gwamnati ta ce kyauta ne a cibiyoyin lafiya. Amma ƙa'idojin OMS sun hana a ba macen da ke da ciwon ɓarin kai mai zuwa da alamun nan na gani ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da estirojen, saboda haɗuwarsu tana ƙara yiwuwar shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita, kamar ashanar hannu ko robar mahaifa ko ƙwayar da ba ta da wannan sinadari. Tambaya ɗaya ce ke raba su: "Kina ganin wani haske ko duhu a ido kafin kanki ya fara ciwo?" Ina so in san unguwarzoma nawa ke yin ta kafin su miƙa kati.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba, kuma muna zaune a yankin sanƙarau. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya na gaggawa ne. Haka wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da mutuwar ɓarin jiki ko ruɗewa ko farfaɗiya, ko ya biyo bayan buguwa a kai, ko ya fara sabo bayan shekara 50. Mai ciki kuwa da ke ciwon kai da kumburi da dishi-dishin gani, a kai ta a auna jininta a ranar, don yana iya zama jijjiga ce ke tafe. Tambayoyin da ke gano ɓarin kai su ne dai ke tsamo waɗannan daga cikin taro.

Ciwo na biyu ya fi wannan rashin gata, don ko sunan Hausa bai samu ba. Mace za ta ce jikinta duk ciwo yake, kamar an yi mata dukan tsiya. Wuya, kafaɗu, baya, ƙugu, cinyoyi, hagu da dama. Yau ya fi a nan, gobe ya koma can. Ta kwana ta tashi kamar ba ta runtsa ba. Ta ɗora tukunya ta manta ko ta sa gishiri. Sau da yawa ga ciwon ciki da kumburi, ga ciwon ɓarin kan ma a haɗe, don cututtukan biyu sukan zo tare. A yi awon jini, lafiya lau. A yi hoton ƙashi, lafiya lau. Mu sai mu ce sanyi ne, ko mu ce son jiki.

An raɗa masa suna fibromiyalji a 1976. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta fitar da ma'aunin gano shi: ciwo a ko'ina cikin jiki na aƙalla wata uku, da jin zafi a wurare 11 cikin 18 da likita ke dannawa. Daga 2010 aka bar dogaro da dannawar, aka koma ga lissafin sassan jikin da ke ciwo tare da gajiya da rashin barci mai daɗi da mantuwa. Sabon kundin cututtuka na OMS da ya fara aiki a Janairun 2022 ya sa shi cikin ciwon da shi kansa ne cutar, ba sai an nemo wata cuta a ƙarƙashinsa ba. Ana ƙiyasta yana taɓa kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma mafi yawan waɗanda ake ganowa mata ne.

Yadda masana ke bayaninsa, matsalar tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon ciwo. Kamar lasifikar da aka ƙure muryarta kuma maɓallin ragewa ya lalace: taɓi kaɗan sai ya fito da ƙara. Shi ya sa hoto ba ya nuna komai a tsoka ko gaɓa, alhali zafin da take ji na gaske ne. Tashin hankali, da baƙin ciki mai tsawo, da rashin barci suna daga cikin abubuwan da ke hura shi. Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna matan kudancin jihar Maraɗi, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, da suka shekara suna kwana da kunne ɗaya saboda ƴan bindiga. Ranar da aka samu mai tambayarsu yadda jikinsu yake, ina jin zai ji abin da bai zata ba.

Kafin a ce fibromiyalji ne, dole likita ya kawar da abubuwan da ke kama da shi, kuma wasunsu sun yi yawa a wurinmu: ƙarancin jini, raunin ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo, amosanin gaɓɓai, amosanin jini, ciwon suga. Awo kaɗan ne, ana yin su sau ɗaya, ba a yi ta maimaitawa duk wata har a sayar da akuya. Bayan nan sai a faɗa mata sunan abin da ke damun ta, a kuma faɗa mata abin da ba ya yi: ba ya cin gaɓɓai, ba ya gurgunta mutum, ba ya kisa. Ga macen da ta shekara biyar tana zaton wata muguwar cuta ce ake ɓoye mata, wannan bayanin kaɗai wani rabin magani ne.

Maganinsa kuwa akwai abin dariya a ciki in aka kawo shi nan ba tare da tunani ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, da ta tace dukkan hanyoyin da aka gwada, abu ɗaya kaɗai ta ba goyon baya mai ƙarfi: motsa jiki. Ta kuma yi gargaɗi a kan magungunan kashe ciwo masu tsananin ƙarfi da kuma kortizon. To je ka ce wa matar da ta yi surfe da asuba, ta ja guga, ta ɗauko itace a ka, da goyo a baya, wai ta riƙa motsa jiki. Sai ta dube ka. Abin da ake nufi shi ne motsi mai sauƙi, a auna shi, a riƙa yin sa kullum ana ƙarawa sannu a hankali, da hutu a tsakani. Abin da ke kayar da mai wannan ciwo shi ne ranar da ta ji dama-dama ta yi aikin kwana uku don huce haushin masu gori, sannan ta kwanta mako guda. Ga matar birni da ke zaune a gida ko a ofis, maganar tafiya ce da yamma da miƙe gaɓɓai. Ga matar karkara, maganar rage kaya ce: kuɗin niƙa a inji maimakon daka, yaro ya ɗebo ruwa, a raba aikin yini gida-gida. Wannan takardar magani ce da ba a farmasi ake sayen ta ba, kuma ba ita za a miƙa wa ba. Maigida za a miƙa wa.

Nan ne al'adarmu ta shigo, kuma sai mun yi mata adalci. Mun tarbiyyantar da ƴa mace a kan dauriya. A naƙuda ma ana so ta cije, musamman haihuwar fari, don kada a yi da ita. Wannan dauriyar ta riƙe gidaje da yawa, ban raina ta ba. Amma ciwon da ba a gano shi sai ta bakin mai shi, in an koya wa mai shi yin shiru, an toshe hanya ɗaya tilo da ake da ita. Sai kuma a shiga ɗakin likita, a yi tambaya, miji ko uwar miji su riga ta amsawa: "Kai ne kawai, likita, a ba ta na masassara." Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ma'aikacin jinya yana da ikon ya ce, cikin ladabi: "Alhaji, bari ta faɗa da bakinta."

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini. Ƙasar da yara ke mutuwa da masassara da tamowa, mata ke mutuwa wurin haihuwa, ina ita ina ciwon da ba ya kisa? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce kuɗin muna kashe su tun yanzu, a inda ba su da amfani. Kowane maganin masassara da aka ba mai ɓarin kai, magani ne da aka ɗauke daga bakin yaron da ke buƙatar sa. Kowane ƙarin ruwa, kowane awo na biyar, kowace tafiya Yamai neman sikana, daga aljihun iyali suke fita. Sannan a lissafa kwanakin: malamar makarantar da ajinta ke zaune ba kowa, mai tuyar da ba ta fita kasuwa ba, ɗalibar da ciwon ya kama ranar jarrabawar BEPC. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi, wato auren da ya mutu don an gaji da mace mai yawan kwanciya.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a ƙasar, mafi yawansu a Yamai, kuma ba za su wadatar ba ko nan da shekara ashirin. Aikin na CSI ne da asibitocin gundumomi. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya da sassan koyon likita na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram su koyar da waɗannan cututtuka biyu da muhimmancin da ya dace da yawansu, ma'aikatar lafiya kuma ta sa takarda shafi ɗaya a kowane ɗakin duba marasa lafiya, mai ɗauke da tambayoyin da alamun haɗari. A watan Mayun 2022 babban taron OMS ya amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ciwon kai yana ciki, don haka ba sabon abu za a ƙirƙiro ba.

Magungunan ma tsofaffi ne masu araha. Asfirin ko ibuprofen da aka sha da wuri, tun ciwon yana tasowa, sukan tare shi ga mutane da yawa. Ga wadda yake kamawa sau da yawa a wata akwai na rigakafi da ake sha kullum, kamar propranolol, wanda bai dace da mai asma ba, ko amitiriptilin kaɗan da dare, wanda kuma yakan taimaki wasu masu fibromiyalji wajen barci da rage zafi. Sumatriptan, da aka yi musamman don ɓarin kai, ya shiga jerin muhimman magunguna na OMS a 2021, sai dai ba a ba mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. Duk waɗannan likita ne ke rubuta su bayan ya duba mutum. Mai ciki kada ta wuce parasetamol ba tare da shawara ba, kuma maganin nan valproat da wasu ke bayarwa don rigakafi yana nakasa ɗan tayi, bai kamata ya kusanci macen da ke iya ɗaukar ciki ba. Sababbin alluran da suka fara fitowa a Amurka a 2018 suna da tsadar da ba tamu ba ce a yanzu, kuma ba rashinsu ne ya kwantar da Yaya shekara goma ba.

Gidajen rediyonmu na gari da na karkara, da mu ƴan jarida, muna da namu laifin. Muna shirye-shirye a kan masassara da allurar rigakafi da shayarwa, muna kuma sayar da fili ga masu maganin da ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya. Rabin awa a wata da likita zai yi bayanin waɗannan cututtuka da Hausa, mata su bugo waya su faɗi nasu, ba zai karya kowace tasha ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da mace za ta iya farawa a daren yau. Likitan nan na Yamai ya sa Yaya ta riƙa yin alama a kalanda: ranar da kai ya yi ciwo, ranar da ta sha ƙwaya, ranar da al'ada ta zo. Wata maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba gwangwani uku ta samu, tana jefa ƙwallon dabino a cikin wanda ya dace, ƙarshen wata ɗanta ya ƙirga ya rubuta. Bayan wata biyu ko uku, wannan lissafin shi ake ɗauka a kai wa majo. Shi zai nuna ko ciwon yana bin al'ada, ko ƙwayar ta yi yawa, ko lokacin maganin rigakafi ya yi. Yaya har yanzu takan rataya zanenta a taga wasu ranakun, sai dai yanzu yini ɗaya ne, ba uku ba, kuma mijinta ne ke fitowa ya ce wa yara su tafi wasa waje.